Mai Famfo

A asibitin nan babu mai kiransa da sunan yanka. Mai Famfo ake ce masa, domin duk intanet ɗin gidan ta wata kwamfuta take bi, wadda suke kira firoksi, a ɗan ɗakinsa na ƙarƙashin bene, kuma shi ke yanka wa kowa rabonsa. Da can raba daidai yake yi, har yana alfahari da hakan. Sai aka kawo sabon manaja, mayen kallon ƙwallo a bakin aiki, ya ce a sakar wa kwamfutarsa famfo gaba ɗaya, a ƙara matse na sauran.

"Ranka ya daɗe, likitoci fa?"

"Rubutu kawai suke karantawa. Ka taɓa saitin nan ba da izinina ba, ka nemi wani aikin."

Mai Famfo ya haɗiye, saboda yana da iyali. Zagi kuwa ya sha ya ƙoshi. Nas-nas suka ce mugu ne, mai ba da magani ya ce wannan ko gumi a cokali yake aunawa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Abin yana cin ransa, sai ya koma gida ya huce a kan yara.

Ran nan innarsa ta zame a banɗaki ta bugu a kai, aka kawo ta asibitin. Aka ɗauki hoton kan a wani wuri, aka turo ta intanet. Mai Famfo ya haura sama, ya tarar da likita ya yi tagumi gaban kwamfuta, hoton yana saukowa da jan ciki.

"Sai na gani zan san ko jini ya taru a ƙwaƙwalwa," in ji likita. "Aikinka ne wannan ai."

Ta bango kuwa ana jiyo ihun 'yan kallo daga ofishin manaja. Zuciya ta ɗebi Mai Famfo, ya sauka ɗakinsa, ya toshe famfon manaja ƙirif, ya juye wa likita komai.

Manaja ya faɗo masa yana huci. "Wa ya ba ka izini?"

"Innata," ya ce, ya ajiye masa makullin ɗakin ya haura sama.

Hoton ya sauko, babu jini. Likita ya juyo yana mamaki.

"Ashe tana iya gudu haka? Makon jiya ma haka muka zauna jira a kan wata tsohuwa."

Mai Famfo ya kasa tambayar yadda aka ƙare da ita.