Muryar Ubana a Bakin Iyaka

Ban san muryar ubana ba. Ina shekara huɗu ya rasu, kuma bai bar mana ko hoto ba, sai hula ɗaya da labarai. Makaɗin noma ne a ƙuruciyarsa, can Riko, tun yana kan addinin kakanni. Da ya musulunta ya dawo cikin Jibiya, sai ya rataye gangar ya kama sayar da gero. Cikin labaran akwai wanda dangi ke maimaita min duk sallah: wai wata shekara wani Bature ya ƙetaro daga Maraɗi da akwatin ɗaukar magana, ya tsaya bakin gona ana gayya, ya ɗauki kiɗan ubana da waƙarsa, ya yi gaba. Ni dai na sa labarin cikin irin ƙaryar da ake yi wa maraya don ya ji daɗi.

A shekarun da shari'a ke tashe ina da ɗan shago a hanyar bakin iyaka, wajen Magama, ina buga wa 'yan kasuwa takardu da wata kwamfutar hannu ta gwanjo. Innata tana zaune gidana. Kunnenta ya fara nauyi a lokacin, na dama ya riga ya tafi, na hagun ma sai an ɗaga murya. Wata rana tana tsintar wake ta ce, ba ma da ni take ba, "Ni hwa na mance muryar ubanku. Huskar tana nan, muryar ce ta ɓace mini." Ta ci gaba da tsintar wakenta. Maganar ta tsaya min a rai ta ƙi wucewa.

Ina da aboki ɗan Maraɗi, dillalin takardun kaya, kullum yana tsakanin kwastan ɗinsu, da suke kira duwan, da kwastan ɗinmu. Mutum ne mai son sabon abu kamar me. Shi ya sa min wata manhaja a kwamfutar, ya ce da ita ake samun waƙa da fim da littafi. Ya yi min bayani cewa ba wani shago ake zuwa a ɗauko ba. Duk wanda ke da abin a kwamfutarsa, ko a wace ƙasa yake, zai riƙa ba ka ɗan gutsure, wancan ma ya ba ka, har abin ya haɗu. Wanda ke da shi cikakke kuwa, shi abokina ke kira mai iri.

Ranar muna zaune babu aiki, muna ta rubuta kalmomi a gurbin nema don nishaɗi kawai. Na rubuta Hausa, na rubuta Katsina. Sai ga wani kundi na tsofaffin kaɗe-kaɗe, an jera su da bayanin Faransanci. Abokina ya fara karanto min ɗaya bayan ɗaya yana fassarawa: kiɗan farauta, kiɗan maƙera, kiɗan masassaƙa. Da ya zo na tara ya ce, "Kiɗan noma, ƙauyen Riko," sannan ya karanta laƙabin da duk dangi ke kiran ubana da shi.

Ban san lokacin da na miƙe ba. Kujerar ta kife, na fita waje ba takalmi, na dawo, na sake fita. Mai shayin da ke maƙwabtaka da ni ya ɗauka kunama ce ta harbe ni. Na kama wuyan rigar abokina ina girgiza shi ina cewa, "Ashe da gaske ne! Ashe ba ƙarya suke min ba!" Ya ce, "To sake ni mu danna, kak ka kashe ni kahin ya sauka."

Muka danna. Wani ɗan layi kore ya fara tsawo a fuskar kwamfutar, da lamba a gefensa: ɗaya, biyu, huɗu cikin ɗari. Wallahi ban taɓa ganin abin da ya kai wannan koren layin kyau ba. Ban gaya wa Inna ba, na ce sai dai ta ji kawai.

A sha ɗaya ya tsaya. Na jira har la'asar, bai motsa ba. Ni kuwa Allah ya yi ni da gajen haƙuri, sai na yanke cewa abin ya lalace, na share shi na sake farowa. Washegari ya kai sha huɗu ya tsaya, na sake sharewa. Sau uku ina haka. Da abokina ya dawo daga Maraɗi na ba shi labari, sai ya dafe kai. "Mi ka yi haka? Kai in kana auna gero aka ɗauke maka tiya, sai ka zubda wanda ka auna? Wanga abu ba shi lalacewa, jira shikai. Kak ka sake taɓa shi." Na ji kunya, amma na ce laifinsa ne da bai faɗa min tun farko ba.

Sai muka koma kan sabis. 'Yar na'urar da ake soka wa kwamfuta don ta kama yanar gizo, a shagona rawa take yi: yanzu ta kama, anjima ta saki. Abokina ya ce rezon ƙasarsu, wato sabis ɗinsu, ya fi ƙarfi idan aka matsa gaba kaɗan. Muka sa mata layin Nijar, muka ɗauki kwamfuta da benci da batirin mota, muka tafi gindin wata bedi gab da shingen iyaka. Nan ma sai an ɗaga ta sama take kamawa. Muka samo doguwar waya, muka ɗaure na'urar a kan gora da kyauron roba, muka jingina gorar a reshe. Bazara ce, kwamfutar na ɗaukar zafi tana kashe kanta, don haka ina zaune ina mata fifita da mafici kamar mai jinya.

Kafin kwana uku mun zama abin kallo. Direbobin da ke jiran a buɗe musu hanya, 'yan acaba, masu tallar rake, kowa sai ya leƙo ya tambaya, "Nawa ya kai?" In lambar ta ƙaru da ɗaya sai a yi shewa. Wani dattijo mai sayar da goro kullum sai ya tsaya ya kalli gorar ya ce, "To wai ta nan muryar za ta biyo?" In ce ta nan. Ya ce, "Ikon Allah," ya wuce.

Duk da haka tafiyar kamar ta hawainiya. Abokina ya shiga bincike cikin manhajar, can sai ya juyo ya kalle ni. "Wa ya ruhe ƙohwar hita?" Ni ne. Na ga wurin da ke nuna abin da ke fita daga kwamfutata zuwa ga wasu, na ce a kan me baƙi za su riƙa jan nawa alhali ban gama samu ba, na mai da shi sifiri. Ya yi dariya har da riƙe ciki. "Kai ɗan makaɗin gayya ne kuwa? Ka ƙi zuwa gonar kowa, kana jiran a cika taka? Sun gane ka, shi ya sa suka ja baya." Ya buɗe. Kafin azahar lambar ta yi tsallen da ba ta yi ba a kwana biyu, na yi ta zagaye bedin ina tafi.

A saba'in da takwas ya sake cijewa, kuma wannan karon ba laifina ba ne. Mu shida ne ke jan kundin, duk mun tsaya a wuri ɗaya, don abin da ke hannunmu iri ɗaya ne. Mai iri mutum ɗaya ne tak a duk duniya, ga shi ya kashe kwamfutarsa. Ba mu san shi ba, ba mu san ƙasarsa ba. Na yi masa addu'a, na zage shi, na sake yi masa addu'a.

Cikin kwanakin jiran ne wani direban tanka ya ce min, yana wasa, "Malam, wannan fa satar fasaha sunanta. Ka yi a hankali, kada mu dawo mu tarar kana buga takardu da hannu guda." Aka yi dariya, ni ma na yi, amma abin ya sosa ni. Zamanin kowa na auna komai da halal da haram, ni kuma ban so in kai wa uwata kayan sata ba. Na tafi wurin wani malami a unguwarmu, tsohon magatakardan kotu ne, na zayyana masa komai.

Ya saurara har na gama. Ya ce, "Maganar yanke hannu dai cire ta, ba ka fasa rumbun kowa ba. Amma hakki hakki ne. Wanda ya adana faifan nan shekara da shekaru, ya gyara shi, ya buga shi don sayarwa, ya yi wahala, kuma dokar ƙasa ta hana a kwafa ba izninsa."

Nan raina ya ɓaci. Na ce, "Allah gafarta Malam, muryar ta ubana ce! Su da suke sayar da ita, sun nemi izninmu?"

Ya ce, "Ka san yadda suka yi da shi a bakin gonar?" Na ce a'a. "To ni ma ban sani ba. A waƙar ubanka kana da magana, ba zan hana tsohuwa jin mijinta ba. Ka rubuta musu wasiƙa ka faɗa musu, kuma kada ka sayar. Amma sauran waƙoƙin fa? Su ma duk ubanka ne?"

Waƙa ashirin da wani abu ce a kundin, ta iyayen wasu, ina ja kuma ina rabawa, ban taɓa ko tunanin haka ba. Na fito ina ƙunƙuni, don ba na son a fi ni gaskiya, amma na san ya fi ni.

Na gaya wa abokina. Ya ce ai ana iya zaɓe, shi ma bai kawo a ransa ba. Muka buɗe jerin, muka cire alamar da ke kan kowace waƙa, muka bar ta tara ita kaɗai. Sai ga shi ita ta riga ta kai casa'in da shida, gutsure kaɗan ya rage mata. Da mun yi haka tun ranar farko, da tuni an wuce wurin. Na buga wasiƙar a yinin, abokina ya mai da ita Faransanci ya tafi da ita gidan waya a Maraɗi.

Ran Lahadi, ranar kasuwa, hanya ta cika maƙil, ina gindin bedi ina fifita, sai na ga sifirin da ke nuna yawan masu iri a manhajar ya koma ɗaya. Na ƙwala ihu, "Ya zo! Ya zo!" Mutane suka yo kaina. Casa'in da bakwai. Iska ta taso ta kaɗa gorar, mutum huɗu suka rungume ta lokaci guda, har da wani jami'i cikin kaki da ya baro shingensa. Casa'in da takwas. Maficin ya suɓuce min ya faɗi, dattijon nan mai goro ya ɗauka ya ci gaba da fifitar. Casa'in da tara ta daɗe har na fara karanto duk addu'ar da na iya. Sai layin ya cika.

Wurin ya kaure da shewa. Aka ce in sa a ji, in sa a ji. Na danna don in tabbatar ba fanko ba ne, ganga ta buga sau uku, na yi maza na tsayar kafin a buɗe baki. Na ce su yi haƙuri, akwai wadda ta riga mu. Ba wanda ya ja da ni. Wani ɗan acaba ya ce in hau, muka keta kasuwa ina rungume da kwamfutar, ina dariya ni kaɗai.

Na tarar da Inna a rumfar tsakar gida. Na durƙusa na faɗa mata da ƙarfi a kunnen hagu. Ta dube ni, ta dubi kwamfutar, ta kau da kai. A al'adarsu mace ba ta faɗin sunan mijinta, balle ta zauna gaban ɗanta tana sauraron waƙar samartakarsa. Ta ce, "Aje nan ka hita." Na sa mata abin ji a kunne, na ƙure sautin, na danna, na fita na tsaya bayan danga.

Ba na jin komai daga inda nake. Na tsaya ina kallon ƙasa, ina tsoron kada kunnen ya ƙi ɗauka. Can sai na ji murya, tata, a hankali, tana yin amshi. Ta yi shiru daidai inda ya kamata shi ya yi, ta sake karɓa. Ban taɓa jin uwata ta yi waƙa ba tunda aka haife ni. Na zauna a ƙasa na yi kukana.

Da ya ƙare ta ɗan jima, sannan ta kira ni. Idonta jawur, amma dariya take. Ta ce, "Ashe siririya ce. Ni duk shekarun nan da kauri nake ƙoƙarin tuno ta, shi ya sa ta ƙi zuwa." Ta gyara zama, ta ciro ɓari ɗaya na abin jin, wanda ke kunnenta na dama da ba ya aiki, ta miƙo min ba tare da ta kalle ni ba.

"Zamna," ta ce. "Maido shi hwarko. Kai ma ba ka san shi ba."