Malt da madara sun kusa cinye mini ƙoda

Jama'ar Maamobi da Nima, ga Rabi tela ta dawo! Wata biyar kun ji ni tsit. Jinya na yi, kuma yau murna ta hana ni zama wuri ɗaya.

Da ƙishirwa abin ya fara. In ɗinka hannun riga ɗaya, in tashi fitsari. Na rame har zobe yana zamewa daga yatsana.

Kun san mu a Zango: duk wanda ya rame, jini ne ya yi masa kaɗan, maganin kuwa malt da madarar gwangwani. Kowane mai dubiya da ledarsa. Goggo Ladi, ƙanwar babana, ita ke haɗawa safe da yamma, ta tsaya a kaina sai na shanye. Wa ya isa ya ce wa Goggo a'a?

Ina sha ina ƙara lalacewa. Ranar da na kasa ganin kafar allura, ta sa ni a motar haya ta trotro sai asibiti.

Nas ta tsoma ɗan tsinke a fitsarina, nan take ya canja launi. Aka ɗibi jini. Likita ya ce ciwon suga ne, ya yi yawa har yana zuba cikin fitsari, kuma ƙodata ta fara gajiya. Ya tambayi me nake sha. Goggo ta yi caraf: "Malt da madara, likita, kullum sau biyu. Ban taɓa fashi ba!"

Ya ajiye biro. "Mama, daga yau a daina. Bayan wata uku zan sake dubawa. In babu sauƙi, hanyar wankin ƙoda muka kama."

Wallahi na tsorata. Da muka sauka daga mota, Goggo ta ce: "Rabi, ashe da hannuna nake kashe ki."

Daga ranar ta zama soja. Ta sayar da atamfarta biyu ta saya mini na'urar gwajin suga. Ta kafa kujera a bakin ƙofa tana binciken ledar masu dubiya. Har shugabar ƙungiyarmu ta bikin aure ta koma da katon ɗinta na malt, tana fushi! Kokona ba suga, waken ya fi shinkafa yawa, magani a kan lokaci, tattaki bayan asuba.

Jiya muka koma. Likita ya daɗe yana kallon takarda, sannan ya ce, "Suga ya sauka, ƙoda ta farfaɗo. Ku ci gaba haka."

Ayyiriri! Goggo ta rangaɗa guɗa a ofishin likita, tana kuka.

Alhamdulillahi. Sugan ba ya warkewa, amma ƙodata tana nan. Na gode muku duka, har waɗanda aka kora. 'Yan'uwa, in ƙishirwa da fitsari sun dame ku, ku je a gwada, ba tsada. In kuma za ku dubiya, ku tambayi mara lafiya me ke damunsa kafin ku cika leda.