Bidiyon Goggo daga Maruta zuwa Fatakwal

Ana sallame sallar asuba muka bar Birnin Kudu, ni da ƙanena, a ƙaramar bas mai zuwa Gwaram. Goggonmu ce, ƙanwar mahaifinmu, ta aiko daga Maruta a zo mata da waya mai ɗaukar hoto da kyau. Jikinta ya yi rauni, tana so ta yi wa babban ɗanta da ke aiki a Fatakwal bayanin shanun gida, wacce ta wane ce, tun tana da ƙarfin magana.

Kuɗin mota ya fi na bara, ga shi mutum huɗu ake cusawa a kujerar mutum uku. Gero ya fitar da kai hagu da dama. A tashar Gwaram muka karya da koko da ƙosai, muka hau acaɓa. Ruwa ya cinye 'yar hanyar da ke shiga unguwar su Goggo, har sai da muka sauka muka taya mai babur turi, bai kuma rage mana ko sisi ba.

Mun tarar da Goggo a kan tabarma a bakin garke. Ta sa aka riƙa jawo shanun ɗaya bayan ɗaya, tana faɗin sunan kowace, da uwarta, da wanda marigayi mijinta ya ba wa. Ta daɗe tana magana, tana hutawa. Da na duba, bidiyon ya haura giga biyu. Na ce mata zan yanka shi gunduwa-gunduwa don ya tafi da sauƙi.

"A'a, ɗana," in ji ta. "In ka yanka, gobe wani zai ce an cire magana. Yadda na faɗa, haka za ka kai masa."

Imel ba ya ɗaukar wannan nauyi. Manhajar hira kuwa matse bidiyo take yi, hoton ya dushe, alhali da tabon jiki ake bambance saniya da 'yar'uwarta. Abin da ya rage shi ne in ɗora shi a ma'ajiyar intanet in tura masa link, wato adireshin da zai latsa ya buɗe. Sabis ɗin wurin ko gaisuwa da ƙyar yake kaiwa. Muka sha fura da nono muka yi sallama.

A Gwaram na sake gwadawa a rumfar mai cajin waya. Bidiyon ya hau har rabi, sabis ya ɗauke, data ta tafi a banza. Bayan la'asar muka iso Birnin Kudu, na wuce wani shagon kwamfuta mai wayfai kusa da asibiti. Kafin magariba ya gama hawa. Na saita shi yadda ɗan nata kaɗai zai iya buɗewa, na tura, na kuma ajiye kwafi a memori.

Abin da na koya: a yi ɗauka a ƙauye, amma turi a bari sai an samu sabis mai ƙarfi, kuma kada a goge na waya sai an tabbatar ya buɗu a can.

Washegari da safe ina gida ɗan Goggo ya kira. Bai ambaci saniya ko ɗaya ba.

"Yaushe Inna ta rame haka? Kullum a waya cewa take lafiyarta lau."

Na ce tun farkon damina. Ya ce yau zai nemi hutu a wurin aiki ya taho gida.