Badaru Ba-komai da Farar Masarar Surukinsa

A Mawashi idan aka ce Badaru Ba-komai, ba wanda zai tambaye ka wanne. Tun yana saurayi sunan ya bi shi, domin duk abin da ka roƙe shi amsarsa ke nan. Ka ari garmarsa ranar da shi ma zai yi huɗa, ba komai. Akuyarka ta cinye masa zogale tas, ba komai. Ya yi shekaru yana masinja a Kusada, kuma a nan ma har masu shara aikensa suke yi. Da ya bar aiki ya koma gonarsa ta gado da ke gabas da gari, kowa yana cewa mutumin kirki ne. Gaskiyar magana rabin kirkin nan tsoron idon mutane ne, amma wa zai faɗa, tunda kowa yana amfana?

Duk duniya ba wanda yake jin nauyinsa kamar surukinsa, Malam Sodangi, mahaifin matarsa Murja. Shi da Murja sun haifi 'ya'ya har sun aurar da ta fari, amma in ya hango tsohon tafe sai ya sake hanya. In kuwa suka yi kiciɓis, ya tuɓe takalmi, ya durƙusa, ya zuba wa ƙasa ido har a gama gaisuwa. Abokansa suna tsokanarsa cewa ko a kasuwar Kankiya aka jera tsofaffi ba zai iya nuna surukinsa ba, sai dai a nuna masa ƙafafunsu.

Shi Malam Sodangi da abu guda aka san shi, wato wata farar masara mai ƙananan ƙwayoyi da ya gada wurin mahaifinsa. Tana nuna da wuri, garinta yana da laushi, tuwonta yana kwana bai saki ba. Kowace kaka yakan zaɓi masu kyau ya ɗaure su da ɓawonsu, ya rataye a rufin ɗakin girki inda hayaƙi ke korar ƙwari. A da, har daga garin Boko ake zuwa roƙon irin, bai kuma taɓa hana kowa ba. Sannu a hankali mutane suka koma irin kasuwa, aka bar tsoho shi kaɗai da abinsa. Sai kuma kwazazzabo ya cinye masa rabin gona, ƙwari suka yi wa ratayen ɓarna, abin da ya saura bai wuce cikin ƙoƙo ba.

A wannan shekarar ne wani kamfani ya zo neman gonar gwaji. Wata masara ce da masana suka sauya wa halitta don ta riƙa ba da sinadarin da ake haɗa gam na masana'anta. Ba ta ci ba ce, ga mutum ko dabba, shi ya sa aka yi ƙwayarta ja wur don kada a rikita ta da ta abinci. Manoma da yawa suka noƙe. Da magana ta zo kan Badaru, ka san amsar.

Malamar gonar da aka turo, Khairiyya, mace ce mai magana dalla-dalla. Ta sa aka kewaye tsakiyar gonar da waya, sannan ta zagaya da shi sauran filin da ke bayan wayar.

“Baba Badaru, ka saurare ni da kyau,” in ji ta. “Nan wajen ka shuka wake, ko gyaɗa, ko dawa, duk wanda ka so. Amma ban da masara, ko ƙwaya ɗaya. In ta fid da kai, iska tana ɗaukar garin furen tamu ta kai wa kowace masarar da ke kusa. Da wannan sharaɗin aka ba mu izini. In aka samu an gauraya, ƙonewa za a yi gaba ɗaya. Ka gane?”

“Na gane, Malama. Ba komai.”

Kuma ya gane ɗin. Kada wani ya ce jahilci ne.

Bayan ruwan shuka ya sauka, yana cikin gona da safe sai ya ji sallama. Yana waiwayawa ya ga sandar da ya sani da ƙafafun da ya sani. Malam Sodangi ne da kansa, rungume da ƙoƙo an rufe da faifai. Tunda aka ɗaura auren Murja tsohon bai taɓa taka gonar nan ba, bai kuma taɓa roƙon Badaru ko allura ba.

“Malam Badaru,” in ji tsohon bayan an gaisa, “na ga ka bar fili shina zaune haka nan. Ka dai san abin da rami ya yi mani. Wanga ɗan irin shi kaɗai ya rage, in na bari ya ƙara shekara ba ya tsira. Ko ka ara mani kuyya kaɗan in zuba shi?”

Badaru yana durƙushe. Maganar Khairiyya tana nan a bakinsa, a shirye, ba abin da ya rage sai ya buɗe baki. Amma ya ce wa surukinsa a'a? A kan ƙasar da ke zaune banza, da damina, a roƙon farko?

“Ba komai, Baba,” ya ce.

Akwai hanyar da kowa ya sani ta gyara irin wannan: abin da ba ka iya faɗa wa suruki, sai ka faɗa wa 'yarsa ta kai. Ya dawo gida da niyyar haka. Sai ya tarar labari ya riga shi, Murja tana ta fara'a, har ta yanka masa zakara.

“Malam, yau ka fid da ni kunya,” ta ce. “Baba da bai roƙon kowa, ga shi kai ya zaɓa.”

Ya ci naman, bai ji ɗanɗanonsa ba, ya haɗiye maganar tare da shi.

Daga nan abin ya tashi daga kunya ya koma munafunci, kuma shi ma ya san haka. Ya samo irin dawa mai tsawo ya shuka kewaye da masarar tsoho, yadda in ta tashi za ta rufe ta. Da Khairiyya ta zo duba gona ta hango kore daga nesa ta ce, “Dawa ka sa can?” ya ce, “Dawa ce, Malama,” ya ja ta ta ɗaya gefen. Wata rana ya ɗauki fartanya da niyyar tuge masarar ya ce tsutsa ce ta ci. Ya iske tsohon a sunkuye yana cire ciyawa da hannu, yana yi wa shukar magana ƙasa-ƙasa kamar mai lallashin jika. Ya gaishe shi ya wuce. Sai ya koma roƙon Allah ya sa kada masarar tsoho da ta kamfani su fid da kai lokaci guda. Suka fid da kai a mako guda, iska kuma tana kaɗawa daga gabas, ta bi ta kan waya ta sauka inda ta saba sauka.

Malam Sodangi ya hana kowa karyar ɗanya a wannan shekarar, ya ce duka iri ce. Sai da ta bushe ya girbe, ya aiko wa gidan Badaru da kwando guda na godiyar aron gona. Murja ta shimfiɗa tabarma a tsakar gida ta fara ɓarewa, tana cewa yau za a ci tuwon gidansu. Ta ɓare ta farko ta tsaya. Ta ɓare ta biyu, ta uku. Kowace a cikin fararen ƙwayoyin akwai jajaye warwatse, rodi-rodi.

“Ikon Allah. Mi ya samu masarar Baba?”

Badaru ya taso ya janye kwandon daga gabanta.

“Kada ki niƙa. Kada a ba kaji ma.”

A tsaye ya faɗa mata komai, har da dawar da ya shuka don rufi. Murja ba ta yi kuka ba, ba ta ɗaga murya ba, kallonsa kawai ta yi. Ya gwammace da zaginsa ta yi.

“Kai ka sani, ka zauna ka ci zakaran nan?” ta ce.

Shi da kansa ya kira Khairiyya, wannan kam a ba shi. Ta zo washegari da wasu jami'ai, suka duba, suka ce sai an tattara duk abin da aka girba a filin, har kara da totuwa, a ƙone a gabansu. Badaru ya roƙa a bar ko fararen ƙwayoyin. Khairiyya ta girgiza kai, ita ma ranta a ɓace.

“Ido ba ya isa shaida, Baba. In guda ta kuɓuce aka shuka, baɗi tana cikin tuwon mutanen garin nan, kuma ba mai iya tsince ta. Ni zan je in yi wa tsohon bayani, ko kai?”

Ya so ya ce ita. Murja tana tsaye bakin ƙofa, ya ce shi zai je.

Ya tarar da Malam Sodangi a zaure, masara tule a gabansa. Tsohon ya riga ya ga abin da ya faru, ya ɗauka wata cuta ce ta shekara. Yana ɓanɓare ƙwayoyin da farce ɗaya bayan ɗaya, jajayen yana turewa gefe, fararen yana jefawa cikin ƙoƙon nan da ya zo da shi gona. Idonsa ba ya gani sosai, sai ya kawo kowace kusa da fuska. Ƙoƙon ya kusa rabi, alamar tun jiya yake wannan aikin.

Badaru ya tuɓe takalmi ya durƙusa. Ya yi bayani, yana tuntuɓe da kalmomi, kuma wannan ce magana mafi tsawo da ya taɓa yi wa surukinsa. Hannun tsohon ya tsaya.

“Har fararen?”

“Har su, Baba.”

Wata kaza ta leƙo zauren, tsohon ya kore ta da sanda.

“Abu guda nika son ji. Ranar da na taho gonarka, ka san da wanga?”

“Na sani, Baba.”

“Mi ya hana ka faɗa mani?”

“Kunyarka na ji.”

“Kunyata,” in ji tsohon, kamar yana juya kalmar a baki. “Da ka ce a'a, da na yi fushi kwana biyu in tahi in roƙi wani. Da yanzu tana rataye.”

Bai yi zagi ba, bai ɗaga murya ba. Ya ɗauki ƙoƙon ya girgiza shi a hankali, ya tsince wata ja da ta ɓuya a ciki ya jefar, duk da ya san ba sauran amfani. Sannan ya miƙo da hannu biyu. Badaru ya kasa karɓa.

“Karɓi mana,” in ji Malam Sodangi. “Ko yau ne za ka fara cewa a'a?”

Ya karɓa. Ya ratsa gari da ƙoƙon a hannu ba faifai, mutane suna zaune a ƙofar gidajensu suna kallo, har gona inda aka riga aka tara kara. Da hannunsa ya juye.

Badaru yana nan a Mawashi, yana noman gero da wakensa, kuma har yanzu ana aron garmarsa. Murja ta daɗe da hucewa, tsohon ma yana amsa gaisuwarsa kamar da. Sai dai lokaci-lokaci, in damina ta kusa, wani dattijo daga Boko yakan tuna da farar masarar nan ya zo roƙon iri. Malam Sodangi yakan ce masa ta ƙare, ƙwari suka cinye. Bai taɓa faɗin sunan kowa ba. Rannan Badaru yana durƙushe yana gaisuwa tsohon ya faɗi haka a gabansa, baƙon har yana jajanta wa Badarun shi ma.