Ƙayar Aduwa a Tayar Baya

Ranar Asabar ce, washegarin ruwan shuka na farko, misalin ƙarfe bakwai da rabi na safe. Mu uku ne a rumfar faci da ke bakin hanyar fita daga Sabon Gari: ni, da mai facin, da wani tsoho mai sayar da rake. Mai facin surukina ne, mahaifin matata.

A bayan kekena akwai buhun irin gyaɗa. Mutanen gayya suna jirana a gonata ta Achika, an dama musu kunu, kowa da sunguminsa. Idan babu iri babu shuka, kuma ƙasar wurin yashi ce, ba ta riƙe laima. Ina fita daga gida tayar baya ta sace. Akwai wani mai faci a gaba kaɗan, mai saurin hannu, amma babu yadda za a yi in turo keke in wuce rumfar surukina. In na yi haka, kafin azahar labari ya isa gida.

Na cire takalma na durƙusa muka gaisa. Ya tambayi yara, ya tambayi ruwan jiya, ya tambayi mahaifiyata da ciwon ƙafarta. Sannan ya ɓanɓare taya, ya zaro tiyub, ya hura shi, ya tsoma a kwanon ruwa har kumfa ta nuna hujin. Ya kankare wurin, ya shafa sholisho, ya bari ya sha iska, ya manna faci ya bubbuga. Aikin ba laifi. Abu ɗaya ne bai yi ba: bai zura hannu ya shafa cikin tayar ba. Ni kuwa daga inda nake tsugune ina kallon tsinin ƙayar aduwa da ya ɓullo ta ciki.

Ba a gyara wa suruki aiki. Na yi gyaran murya. Na miƙa hannu wajen tayar.

"A'a, Malam, kada ka ɓata hannunka," in ji shi.

Ya mayar da tiyub ya buga iska. Ban wuce gidajen ƙarshe ba tayar ta sake kwanciya. Na dawo.

"Ikon Allah," ya ce. "Tiyub ɗin yanzu ke nan. Takarda ce kawai."

Ya soma aikin daga farko. Rana ta ɗaga. Na bi hanyar da kowa ya sani, wato saƙo zuwa ga suruki ta bakin wani. Na matsa kusa da mai rake na yi ƙasa da murya.

"Baba, don Allah ce masa ya duba cikin tayar, akwai ƙaya. Ka yi kamar kai ka gani."

Ban yi la'akari da cewa abokin wasansa ne tun suna yara ba. Ya tofar da abin da yake tauna, ya ɗaga murya.

"Kai, makaho! Surukinka ya ce ba ka iya faci ba. Wai ƙaya tana kallonka, kana kallonta!"

"Shi ya faɗa?"

"Da bakinsa. Ka ba shi 'ya, ga shi zai koya maka sana'a kyauta."

Surukina bai dube ni ba. "Tun kafin a haifi matarsa nake faci a garin nan," ya ce wa mai rake. "Babu ƙaya a tayar nan."

Tayar tana jingine a gwiwarsa, a buɗe. Ya kau da kai daga gare ta da gangan, ya cusa tiyub, ya buga iska fiye da ta farko.

"Hau, Malam. Allah ya tsare hanya."

Na yi masa godiya. Sai da na sake durƙusawa na yi masa godiya, mai rake yana dariya har da tari.

Ban hau ba. Na tura keken har na sha kwana, ina jin iskar tana fita a hankali. Komawa ta uku ba ta yiwuwa, rumfar ɗayan mai facin kuma a kan idonsu take. Masu babur duk sun tafi ƙauye da masu shuka. Haka na tura keke da buhu a ƙasa har Achika.

Na isa bayan azahar. Mutanen gayya sun shanye kunu sun watse zuwa gonakinsu, saman ƙasa ya riga ya yi fari. Sai da ruwa na gaba ya sauka na shuka gyaɗar da 'yan ƙwadago, damina kuma ta ɗauke kafin gyaɗar ta gama cika.