Ranar da Kwamfuta Ta Ce Na Mutu

Salamu alaikum 'yan uwa. Wata takwas ke nan ban ce uffan a nan ba, har wasu suna bin iyalina da tambaya. To, tarin fuka na yi. Na warke, alhamdulillahi.

Da tari ya fara, na ce mura ce. Sai zazzaɓi, sai rama, har wando yana zame mini. Ranar da na tofar da jini a bakin rumfata ta hatsi a kasuwar Tanut, ranar na ji tsoro na gaske.

A likita suka karɓi majinar ƙirji sau biyu, aka yi mini hoton ƙirji a kan kuɗi jika biyar. Majo Hadiza, wadda ke kula da masu tari, ta ce maganin kyauta ne, amma wata shida ne ba fashi. Ta ce in na yanke, cutar za ta dawo da ƙarfin da maganin ba ya iya mata.

Sannan ta jawo kwamfuta. Yanzu duk likitocin Damargu a haɗe suke, in an rubuta ka a Belbeji ana ganinka a Tanut, kuma magani ba ya fita sai an buɗe shafinka.

Ni tun ina yaro ban yarda da rubuta suna ba, kuma ina da dalili.

A ƙarshen shekarun saba'in aka zo ƙauyenmu, kusa da Gangara, ɗaukar yaran lakwal, wato makarantar boko. Baffana ne mai gari, an ce lallai ya ba da ɗansa Mamman Sani. Sai ya ɓoye shi a rumbu, ya kamo hannuna ni maraya, ya ce wa mushe, wato malamin lakwal ɗin, "Ga Mamman Sanin." Laminu aka raɗa mini, amma daga ranar duk wata takarda tawa sunan ɗan baffana ke kanta. Shi ma da ya girma ya yi tasa takarda da sunansa. Ga shi mu duka ba a san ranar haihuwarmu ba, sai aka liƙa mana ɗaya ga watan ɗaya.

Ban faɗa wa Majo wannan ba. Ta tambayi suna, na ba ta na kan kati. Ta ce ai sunana yana cikin kwamfutar ma. Na yi mamaki.

A wata na biyu saƙo ya shigo salulata, wai in je Tenhiya awon hawan jini. Ni da ban taɓa hawan jini ba. Na ce 'yan damfara ne. Wata rana kuma na leƙa allon, na ga an rubuta kilo tamanin, alhali sikeli ya ce arba'in da tara. Majo ta ce kuskuren hannu ne. Na ce to, amma daga nan nake ƙirga ƙwayoyina a gabanta, tana harara ina ƙirgawa.

Wata na huɗu na je karɓar magani. Ta danna, ta sake dannawa. Ta dube ni, ta dubi allon.

"Malam, an rufe shafinka. An rubuta ka rasu shekaranjiya."

Allah ya gani, abin da ya zo mini shi ne sun kashe ni a kwamfuta don su sayar da rabona. Ƙwayar kwana ɗaya ta rage mini a gida. Na faɗa mata maganar da nake jin kunyarta har yau, a gaban mutane.

Ba ta rama ba. Ta ce in zauna. Ta fi awa tana bin shafin daga farko, rezo, wato layin sadarwa, yana ɗaukewa yana dawowa, ni kuwa ina huci a kan benci kamar kububuwa.

Can ta ce mutum biyu ne a shafi ɗaya. Ɗaya mai tari a Tanut, ɗaya mai hawan jini a Tenhiya. Na Tenhiyan ne ya rasu.

Nan take na gane ɗan baffana ne. Mamman Sani a can yake kiwo. Shekara goma sha ɗaya ba ma ga maciji da shi saboda wata gonar gado, ko lambarsa ban riƙe ba. Inda yake ba rezo, labari bai iso ba tukun.

Majo ta ce, "Ya bar sunan wanda za a nema in wani abu ya same shi, amma babu lamba. Ya ce ƙanensa ne, mai hatsi a kasuwar Tanut. Ka san wani Laminu?"

Sai na ɗora hannu a ƙirji, alamar ni ne.

Ranar a takarda ta rubuta, ta ba ni maganin sati, ta ce ko kwana ɗaya ba zan fasa ba. Da shi a aljihu na hau mota zuwa gaisuwa. Kafin in dawo an raba shafin. Na ƙarasa wata shida, gwajin ƙarshe ya fito babu komai, yanzu kilo sittin da ɗaya nake.

Na gode wa Allah. Na gode wa uwar 'ya'yana da ta raba mini kwano da kofi ba ta taɓa nuna ƙyama ba. Majo Hadiza kuwa na je na ba ta haƙuri, ta ce ta yafe, amma in ci gaba da ƙirga ƙwayoyina.

Shawarata: tarin da ya wuce sati biyu, a je likita. Kada a yanke magani. In an buɗe shafinku, ku ce a karanta muku suna, sunan uba, gari da lambar waya. In saƙo ya zo da cutar da ba taku ba, kada ku share kamar ni, ku je ku tambaya. Har gobe ban gama yarda da kwamfuta ba, amma abin da muka ba ta shi ta riƙe.

Wanda kuma yake gaba da ɗan uwansa, ya neme shi yau. Da Majo za ta cika mini sabon shafin ta tambayi wa za a nema in wani abu ya same ni. Sunansa ne ya fara zuwa bakina. Allah ya jiƙan Mamman Sani na gaskiya.