Ƙafar Lonnie Ba Ta Karanta Mujalla

A garinmu, gindin duwatsun Tennessee, babu wanda ya kai Lonnie Tackett mai aski sanin tseren babur. Mujallun tsere sun cika shagonsa. Kowace Litinin, da almakashi dab da kunnenka, zai bayyana maka kuskuren duk gwanin da ya faɗi ranar Lahadi. Ba a yi masa musu. Shi kansa kuwa wani tsohon babur yake hawa tun yana saurayi, wanda ko kare ba ya wahalar binsa.

Da furfura ta gama cin kansa, sai ya ga tallar wani jan babur na hannu, wanda aka sake wa fasali don filin tsere. Ni na kai shi can saman dutse a akori-kurata. Mai baburin, Royce, ya fito yana dogara sanda. Na dubi sandar, Lonnie ya dubi fenti.

"Baba, giyar a juye take fa, irin ta 'yan tsere," in ji Royce. "Ka taka ƙasa ta ƙaru, ka ɗaga ta ragu."

"Yaro, ni za ka koya wa? Kana cikin zanin goyo nake karanta wannan."

"To Allah ya sa ƙafarka ma ta karanta."

Na ce mu ɗora shi a mota. Lonnie ya ce ai ba firji ya saya ba. Ya kifa hular kwano, ya yi gaba, ina biye.

Hanyar gangara ce, kwana bisa kwana, dama dutse, hagu rami. Da farko lafiya lau. Sai ga wata muguwar kwana, ga wata gingimarin motar katako tana hawowa. Lonnie ya so rage giya don injin ya riƙe shi. Ƙafar ta yi abin da ta saba tun yana saurayi: ta taka ƙasa. Kukan injin ya kwanta, baburin ya sulale kamar an tsinke masa igiya. Ya sake takawa. Na ga ya ƙetare layin tsakiya, ya nufi hancin motar. Abin da ya zo mini kawai shi ne da wane baki zan gaya wa Verna, matarsa.

Direban ya danna oda, ya kauce har tayarsa tana zubar da tsakuwa cikin ramin. Lonnie ya wuce ta gefensa, da kyar takarda za ta shiga tsakaninsu, ya afka cikin ciyawa ya tsaya. Ko da na iso, yatsunsa sun ƙi sakin birki. Ɗaya bayan ɗaya na ɓamɓare su.

"Na sani fa," yake ta faɗa. "Wallahi na sani."

Muka ɗora baburin a mota, kamar firji.

Yana nan a shagon har yau, yana sheƙi, ana rataya masa tawul. Lonnie bai daina karanta labarin tsere ba. Amma Litinin ɗin da ta wuce, wani da yake yi wa aski ya ce, "Kai Lonnie, ka ga sakaran da ya faɗi jiya? Me ya yi ba daidai ba?"

Almakashin ya tsaya.

"Ya tashi dai?" in ji Lonnie.

"Ya tashi."

"To, sunkuyar da kanka."